Ranar da Tsadar Ikko Ta Sauka a Gwaram

Kwana goma sha tara kacal Haladu ya yi a Ikko, amma da ya dawo Gwaram sai ka rantse da shi aka haƙa tekun. Shekarar da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashin nan na Udoji ce, naira ba ta daɗe da fitowa ba, mutane suna nan suna kiran kobo goma sule, kobo biyar sisi. Motar shanu ya bi ya raka garken baffansa, ya haɗa da bijiminsa guda ɗaya ya sayar a can. Matarsa Zahara'u ce ta matsa aka sayar da bijimin, don a yi wa ɗakinsu rufin kwano. Ta gaji da jera ƙorai a tsakar ɗaki duk lokacin da hadari ya taso.

Ya dawo da baƙin tabarau, da usur rataye a wuya, da wata sabuwar tafiya ta ɗaga kafaɗa. Ko gaisuwa aka yi masa sai ya cusa Ikko a ciki.

"Haladu, ya gajiyar hanya?"

"Gajiya? Ai mu a Ikko ba ma gajiya. Ina lokacin yake?"

A bakin kasuwa akwai wata tsamiya da maza ke zama a gindinta bayan la'asar. Nan Malam Sabo, malamin firamare, yake karanta musu jaridar da motar Kano ke kawowa, ko da ta kwana uku a hanya. Ran nan sai ya ci karo da wani rubutu a kan garuruwan da mutanensu suka fi ƙarfin saye a ƙasar nan. Ya gyara zama ya fara jero su: Ikko, Fatakwal, Kano, Kaduna, Badun.

Haladu ya ce, "Gwaram fa?"

"Babu."

"Juya bayan takardar."

Malam Sabo ya juya. "Tallan tayar mota ne."

Ɗan'azumi wanzami, wanda ke wasa askarsa a gefe, ya ce, "Ko Birnin Kudu mai asibiti da sakandare ba a sa ba, balle mu."

Haladu ya miƙe tsaye, ya cire tabarau, ya hura masa iska, ya goge da gefen riga. "Ba za a sa mu ba, don ba ku san sirrin ba. Ni na gano shi. A Ikko ƙwai ɗaya sule ne. Ɗaya tak! Ruwan sha ma sai ka biya. Kowa na sayarwa da tsada, kowa na karɓar kuɗi da yawa, shi ke nan kowa ya zama mai kuɗi. Mu kuwa nan ƙwai uku sisi, har da gyara. Mu muka raina kanmu. Arha ce ta talauta garin nan."

Malam Sabo ya ce, "Ba haka jaridar ke nufi ba. Ƙarfin saye ta ce, wato abin da kuɗin hannunka zai iya ɗebo maka in ka shiga..."

"Malam, ka taɓa zuwa Ikko?"

"Ban taɓa ba."

"To ka gani. Kai karanta ta ka yi, ni taka ta na yi. Ku ba ni mako guda. In sunan Gwaram bai hau kan na Birnin Kudu ba, ku daina gaishe ni."

Washegari da sassafe ya tare Inna Batulu a hanya, tsohuwar da ke kawo nono da ƙwan zabi daga ruga. Ya sa ta sauke kwando.

"Inna, ƙwai nawa?"

"Uku sisi, ɗan nan. Kai sai in ƙara maka ɗaya."

"Subhanallahi! Kin ji irin abin da nake faɗa. Daga yau ƙwanki ɗaya sule. Juye min duka."

Inna Batulu ta dube shi sama da ƙasa. "Haladu, wani abu suka ba ka ka sha a can?"

"Wayewa suka ba ni. Riƙe."

Ya zaro kuɗin bijimi daga lalita ya zube mata a hannu. Tsohuwa ta ƙulle a bakin zane, ta ɗauki ƙwaryar nononta, ta bar masa kwandon gaba ɗaya, ta kama hanya da sauri irin wanda rabonta da yi tun tana budurwa, don kada hankalinsa ya dawo ya biyo ta.

Kafin azahar labari ya gama gari. Ƙofar gidan Haladu ta zama kasuwa. Mai kaza ta kawo kaza, mai daddawa ta kawo daddawa, wani ya jawo akuya mai tari, wata tsohuwa ta kawo tukunya mai tsaguwa ta ce ta kakarta ce. Ɗanbala mahauci ya zo da ƙafafun sa guda huɗu a faranti, yana washe baki.

"Ranka ya daɗe, na ji an ce kana sayen kaya da daraja."

Haladu ya so ya ce ya isa, amma idanu sun yi yawa. Ya sayi ƙafafun, ya sayi kazar, ya sayi tukunyar ma. Akuyar ce kawai ya ce a dawo da ita in ta warke. Daga nan ya hau turmi ya hura usur.

"Jama'a, kun ga yadda kuɗi ke shigowa? To wannan ni kaɗai ke nan. Ranar kasuwa motar Maikano za ta sauke mana ma'aikatan Birnin Kudu, aljihunsu na rinjayarsu saboda Udoji. Shekara da shekaru suna zuwa suna kwashe mana kaya a banza. Wannan karon komai ninki shida! Kada wanda ya rage ko kobo. Ni ne Manajan Farashi."

Wani ya ce, "Baba Dabo ya sani?"

Baba Dabo shi ne Sarkin Kasuwa, kuma ya tafi Farin Dutse gaisuwar rasuwa.

Haladu ya ce, "Kafin ya dawo mun yi arziki. Godiya zai yi."

Wanda ya riga ya ɗanɗana kuɗin Haladu ba ya buƙatar dogon wa'azi. Aka watse ana ta lissafin abin da za a saya in an yi kuɗi. Ɗanbala ya ce babur zai saya, ko da bai iya keke ba.

Da magariba Haladu ya shiga gida yana fito. Ya tarar da Zahara'u tsaye tana kallon kwandon ƙwai, da ƙafafun sa, da tukunya mai tsaguwa, da kaza ɗaure a ƙafar gado. Ta shimfiɗa masa tabarma, ta kawo tuwon dawa da miyar kuka, ta ajiye, amma ta ɗora hannu a kan faifan da ta rufe kwanon.

"Malam, sule biyar."

"Na me?"

"Na tuwo. Miya daban, sule uku. In da man shanu kake so, sai mu sake magana."

"Zahara'u, a gidana?"

"Ai na ji bayaninka daga bayan danga, ya kuma shige ni. Arha ce ta talauta mu. Ko a Ikko kyauta ake ba da tuwo?"

Haladu ya saci kallon danga. Ya san maƙwabta na kasa kunne ta bayan danga. Sai ya ɗaga murya yadda za su ji. "Madalla! Kin fara wayewa. Haka ake so." Ya biya.

Da ya nemi ruwan wanke hannu, sisi. Da safe ruwan wanka sule biyu, in da ɗumi sule huɗu. Koko sule, cokali sisi. Wankin riga naira guda, shanya kyauta don rana ta Allah ce. Ranar da ya kwanta a tabarma bayan azahar, ya farka ya gan ta zaune a gefe tana jira.

"Kuɗin masauki, Malam. An ce a can ko zama ka yi sai ka biya."

A kwana na huɗu lalita ta koma kamar fatar da aka shanya. Ranar ce kuma jakai biyu suka tsaya a ƙofar gida ɗauke da bandir-bandir na kwano sabo fil, kafinta na biye da su da guduma.

Haladu ya ce, "Wannan fa? Ina kika samu kuɗi?"

"Wani attajiri ne daga Ikko yake cin abinci a wajena. Hannunsa a sake yake, Allah ya ƙara masa."

Jajibirin kasuwa ya tafi wajen Ɗan'azumi a yi masa aski, don manaja ba ya fita da suma. Ya lalubo sisi ɗaya da ya maƙale a kusurwar aljihu, ya miƙa tun kafin a fara, kamar yadda ya saba. Ɗan'azumi ya jiƙa masa kai, ya kama aiki yana 'yar waƙarsa. Ya sauke gefen dama tas, tun daga goshi har ƙeya, sai ya goge aska a tafin hannu, ya naɗe ta, ya jefa a zabira.

"An gama."

Haladu ya shafa kai. Dama santsi, hagu daji. "Wane irin an gama?"

"Sisinka nan ya tsaya, Manaja. Da can yana zagaye kai duka, amma yanzu da muka waye ko kunne ba ya tsallakewa. Ma na yi maka gyara. Ɗaya gefen sule biyar."

"Ɗan'azumi, tare muka yi kiwo da kai!"

"Shi ya sa ban sa maka kuɗin ruwan da na jiƙa kan ba."

Masu jiran layi suka fara tuntsira dariya. Haladu ya lalube aljihun dama, ya lalube na hagu, bai samu komai ba sai ɓawon goro. Ya miƙe, ya karkaɗe riga.

"Bar shi haka. Ai dama abin da nake so ke nan. Shi ake yayi a Ikko, manyan ma'aikata duk haka suke yi."

Ya danna hula har gira, ya wuce.

Ranar kasuwa gari ya waye da annashuwa. Ɗanbala, da ya saba yanka sa ɗaya, ya yanka biyu. Matan ruga suka ninka nono. Masu gero da dawa suka buɗe rumbu suka fito da abin da suka ɓoye don damina. Haladu na zagayawa cikin wankakkiyar riga, tabarau a ido, usur a baki, yana duba rumfa-rumfa kamar mai duba asibiti.

Rigima ta fara tun kafin baƙi su iso. Inna Batulu ta je sayen gishiri, aka gaya mata kuɗi, ta dafe ƙirji.

"Gishirin ne ninki shida? Don Allah ku ji min zalunci!"

Mai gishiri ya ce, "Inna, ke nawa kike sayar da ƙwai?"

"Wannan daban! Ƙwai nawa ne, gishiri kuwa saya zan yi!"

Ɗanbala ya aika a damo masa fura, aka dawo masa da ƙwarya wayam, aka ce kuɗinsa na kallo ne kawai. Ya taso da wuƙa a hannu, ba da nufin komai ba, mantawa ya yi bai ajiye ta ba, mata suka watse suna salati. Haladu ya yi ta hura usur yana cewa, "Haƙuri! Haka arziki yake farawa! A Ikko ma kullum faɗa ake yi!"

Da hantsi motar Maikano ta shigo tana huci, maƙil da mutanen Birnin Kudu: malaman makaranta, akawuna, masu aikin asibiti, da 'yan sari da buhunansu a naɗe a hammata. Suka diro suna raha, kowa na shafa aljihu. A cikinsu akwai Malama Ruƙayyatu, ma'aikaciyar jinya, doguwa mai lema, wadda ba ta taɓa fashin kasuwar Gwaram ba. Kai tsaye ta nufi wajen Inna Batulu.

"Inna, ina kwana? Ƙwai nawa yau?"

Inna Batulu ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin zane. Ta ce ƙasa-ƙasa, "Sule."

"To, guda nawa?"

"Guda... ɗaya."

Malama Ruƙayyatu ta ɗauki ƙwan, ta ɗaga shi sama, ta juya shi a rana. "Inna, zabuwar ta je Makka ne?"

Tsohuwa ta ji kunya ta kama ta. "To 'yar nan, ke kawo sisi ki ɗauki..."

Fiiit! Usur ya tashi a bayan kunnenta, har ta yi tsalle. Haladu ya nuna ta da yatsa. "Ba ragi!"

A rumfar mahauta wani akawu ya ji kuɗin tsoka ɗaya, ya cire hularsa ya rusuna wa naman. Ya ce tunda abin ya kai haka, gara ya gaishe shi ya wuce. Wani malamin makaranta ya tambayi kuɗin mudun gero, da aka faɗa masa sai ya tambaya ko da gonar ake haɗawa. Duk inda mai kaya ya fara laushi, sai usur. Haladu ya yi ta gudu daga wannan rumfa zuwa waccan, zufa na tsiyaya daga ƙarƙashin hula, amma ta gefe ɗaya ta fi zuba.

Ba a yi awa guda ba baƙi suka fara komawa mota ɗaya bayan ɗaya, buhunansu a naɗe kamar yadda suka zo da su. Wani ya ce wa direba, "Maikano, ja mu je. Ko Basirka ce ka kai mu, mu saya a ƙofar gidaje."

Rana ta take. Ƙudaje suka gano cewa yau babu mai taɓa naman Ɗanbala, suka kira 'yan'uwansu. Nono ya fara kumfa yana tasowa a ƙorai. Mai ƙosai ta zauna tana kallon tulin da ta soya yana sanyi. Sai idanu suka fara juyowa wajen Haladu, ɗaya bayan ɗaya.

Ɗanbala ya ce, "Manaja, shanu biyu na kayar."

Inna Batulu ta ce, "Nonon ruga guda na ɗauko. In ya lalace, gidanka zan kai, ka shanye."

Haladu ya ga abin na neman fin ƙarfinsa. Ya hango wani duro na man gyaɗa da babu komai a ciki kusa da motar, ya ɗare kansa, ya hura usur har sau uku.

"Mutanen Birnin Kudu! Ku ji tsoron Allah! An ba ku Udoji, kuna ƙyashin ku taimaki ƙasa? Garin da ya fi tsada shi ya fi arziki. Ku tambayi duk wanda ya san Ikko!"

Malama Ruƙayyatu ta leƙo daga gaban mota, ta naɗe lemarta. "To ga ni, tambaye ni. Shekara huɗu na yi aiki a can kafin a dawo da ni gida. Albashina ya fi na yanzu, amma in na biya ɗaki na biya mota, nama sai ranar Juma'a, shi ma yanka biyu. Nan kuwa da abin da bai kai shi ba nake cika buhu, in sayi rago, in aika wa tsohuwata. Kai wa ya gaya maka yawan kuɗi ne arziki? Abin da suka ɗebo maka ake dubawa."

Daga gindin tsamiya Malam Sabo ya ɗaga jarida sama. "Abin da nake ta faɗa ke nan!"

Haladu ya yi wata dariya ta raini. "Malama, a unguwar talakawa kika zauna. Ni a bene na sauka, hawa bakwai. Da safe in buɗe taga in ga teku, a kawo min shayi da kaza."

Sai aka ji wani irin sauti daga wajen sitiyari, kamar an shaƙe rago. Maikano direba ne. Dariya ce ta ci ƙarfinsa har ya buɗe ƙofa ya zubo ƙasa yana riƙe da ciki. Shi ne kuwa direban da ya kai shanun Ikko kafin ya koma jigilar 'yan kasuwa.

"Hawa bakwai! Wayyo cikina! Jama'a, wallahi a ƙarƙashin motar nan ya kwana, kwana goma sha tara, tsakanin tayar baya da ta gaba! In ya ɗaga kai, ƙarfe ya gaishe shi!"

Haladu ya ce, "Maikano, ba da kai nake ba."

"Shayi da kaza! Ranar da muka isa ya tambayi kuɗin shinkafa, da aka faɗa masa sai da ya zauna a ƙasa. Tun daga ranar garin rogo yake jiƙawa da ruwa, safe da yamma. Ranar da ya samu ƙuli-ƙuli a aljihuna har addu'a ya yi min!"

Kasuwa ta ɗauki ihu. Ɗan'azumi ya ce, "Tekun fa? Ya ce har ya taɓa shi da hannu!"

"Wane teku? Ko kasuwar shanun bai bari ba, tsoron ɓata yake yi. Wani babban lambatu ne a bayan inda ake ɗaure shanu, shi ya tsaya a bakinsa yana tambayata yaushe jirgin zai wuce!"

Haladu ya ɗaga hannu biyu zai kare kansa, ya taka gefen duro. Duro ya ce bai san zancen ba, ya mirgine. Manaja ya tafi sama, ya dawo ƙasa a kan tulin buhunan wofi, tabarau ya yi gabas, hula ta yi yamma. Rana ta haska gefen dama na kansa yana ƙyalli, gefen hagu kuwa suma ta miƙe tsaye.

Sai kasuwa ta fashe da dariya. Mata suka riƙe juna. Akawun nan ya kwanta a kan buhu yana dukan ƙasa. Inna Batulu ta yi dariya har sai da aka ba ta ruwa. Ɗanbala, da ya taho da niyyar shaƙe shi, ya tsaya ya jingina da mota yana share hawaye.

Cikin wannan hali Baba Dabo ya iso a kan jakinsa, dawowarsa ke nan daga Farin Dutse. Ya dubi nama, ya dubi nono, ya dubi baƙi a cikin mota, ya dubi kan Haladu ya daɗe yana dubawa. Mutum goma suka fara ba shi labari a lokaci guda. Ya ɗaga sanda aka yi shiru.

"Na ji. Kowa ya koma kan farashinsa na da, yanzun nan. Baƙinmu, ku yi haƙuri ku sauko, kasuwa taku ce."

Malama Ruƙayyatu ta ce, "Baba, mun sauko. Amma an ɓata mana rabin yini, ga rana. Wa zai kwaso mana kaya zuwa mota?"

Baba Dabo ya nuna da sanda. "Ga Manaja nan. Yau shi ne ɗan dakon kowa, kuma kyauta. Ba mai dukansa, ba mai zaginsa. Ku dai ɗora masa."

Aka kuwa ɗora masa. Baƙi suka bazu cikin kasuwa kamar an buɗe wa awaki ƙofa, masu kaya na ta zuba gyara don huce haushi. Haladu ya ɗauki buhun gero, ya dawo ya ɗauki na dawa. Ya ɗauki cinyar sa a kafaɗa, ƙudaje na yi masa rakiya. Ya ɗauki ƙwaryar nono a ka, ta zame ta gefen da aka aske, ya tare ta da gefen suma. Duk inda ya gifta sai wani ya ce, "Manaja, hawa na nawa ka kai?" Shi kuwa ko a haka bakinsa bai mutu ba. Yana nishi a ƙarƙashin buhu yana cewa, "Wannan ai ba kaya ba ne. Ku je ku ga buhunan Ikko."

Kaya na ƙarshe ragon Malama Ruƙayyatu ne, wani ƙato mai taurin kai da ya kafe ƙafafu ya ƙi tafiya. Aka ja, ya ƙi. Aka tura, ya zauna. Dole Haladu ya saɓa shi a wuya, ƙafafu biyu ta nan, biyu ta can. Suna tsakiyar kasuwa rago ya ga suma a gefe ɗaya, ya ɗauka ciyawa ce, ya kai baki. Haladu ya ƙwalla ƙara, ya ruga da gudu da rago a wuya har bakin mota, mutane na buɗe masa hanya suna tafi.

Kafin la'asar kasuwa ta tashi tas. Ko ƙashi bai rage a rumfar Ɗanbala ba. Haladu ya zube a gindin tsamiya, riga ta jiƙe, rabonsa da abinci tun jiya, don a gida ba shi da kuɗin karin kumallo. Mota na shirin tashi sai Malama Ruƙayyatu ta sauko ta zo ta tsaya a kansa. Ta buɗe jaka ta miƙo masa sule guda.

"Ungo. Baba ya ce kyauta, amma ragon nan ya wahalar da kai."

Majalisa ta zuba masa ido. Haladu ya dubi sulen, ya dubi jama'a, ya gyara murya.

"Mu a Ikko..."

Kowa ya matso.

"...ba ma mayar da hannun kyauta baya." Ya cafke.

Ya ja ƙafa zuwa wajen Inna Batulu, wadda ta rage ɗan nono a gindin ƙwarya. Ta dama masa fura ta kobo uku, ta cika ƙwarya har baki. Mai ƙosai ta zuba masa na kobo biyu a ganye, ta ƙara masa uku don tausayi. Ya sayi goro na kobo, aka kuma miƙo masa canji. Ya dawo gindin tsamiya ya zauna, ya kafa kai a ƙwarya bai ɗago ba sai da ya ga gindinta. Ya bi da ƙosai ɗaya bayan ɗaya. Ya yi gyatsa, ya jingina da itace, ya buɗe tafin hannu yana kallon kobo huɗun da suka rage kamar bai taɓa ganin kuɗi ba.

Malam Sabo ya ce, "To Manaja, in rubuta wa jarida in ce a sa Gwaram a layi?"

Haladu ya zabura, ya kama hannun rigarsa, ya waiga hagu da dama, ya rage murya.

"Malam, rufa mana asiri, kada ka rubuta. Na san mutanen Ikko, yunwa ce da su. In suka ji abin da sule ɗaya ke yi a garin nan, wallahi jibi da safe za ka tarar da su a bakin kasuwa da tabarminsu."